Ragon Sunan da Ya Tsufa a Gidana

Shekarun baya, shekarar da tsutsa ta faɗa wa masara har muka riƙa bin gona da toka a hannu, al'adar matata ta ɗauke. Lokacin muna shekara ta huɗu da aure, ba ɗa ba jika. Wata biyu, wata uku, shiru, ga jikinta yana ƙara cika. Mahaifiyata ta dube ta sama da ƙasa ta ce Allah ya amsa. Ni kuwa ban tsaya jin ƙarin bayani ba, ranar kasuwar Ƙanƙara na je na jawo ɗan rago fari na ɗaure a gindin darbejiya, wai ragon suna.

Wata tara ya zo ya wuce. Mahaifiyata ta ce ba abin tsoro ba ne, cikin ne ya kwanta, yayarta ma a Pauwa nata ya yi shekara biyu kafin ya tashi. Duk tsofaffin unguwa suka gaskata ta. In jini ya ɗan ɓullo sai a ce yaron ne ya juya. Aka hana matata daka, aka hana ta ɗiban ruwa. Kullum fura da nono da sukari, ni ma in na dawo daga gona sai na riƙo mata burodi da lemon kwalba. Jiƙe-jiƙen tayar da ciki kuwa, har Sabuwa na hau babur na karɓo, a wannan hanyar da ke kwance wa mutum ƙugu.

Rago dai yana cin dusa yana girma, ƙaho ya murɗe. Abokina, wanda gonarmu ke haɗe, in ya shigo gidan sai ya fara gaishe da ragon kafin ni. Wata rana ya ce, "Malam, ragon ga fa ya isa a yi mashi aure. Ko shi za a fara yi wa suna?" Na yi dariya, amma ta ciki na ciki.

Wadda abin ya fi ci ita ce matata. Mata suna yi mata sannu da nauyi, tana amsawa. Gashi ya fara fito mata a haɓa, tana ɓoyewa da mayafi. A shekara ta uku, ina ba ragon ruwa da hantsi, ta zo ta tsaya bayana ta ce, "Maigida, ni fa ban taɓa jin motsin kowa a cikin nan ba. Kunyar Inna ce ta sa nake cewa ina ji. Ka kai ni a duba."

Muka tafi asibiti a Funtuwa, aka yi mata hoton ciki. Likitar, wata mace mai haƙuri, ta ce babu ciki, kuma ba a taɓa yin sa ba. Ta ce ƙwayayen haihuwar ne ba sa nuna su fito a kan lokaci, sai su taru ƙanana a inda suke, shi ne ke ɗauke al'ada, ya kawo ƙiba da gashin haɓa. Ta ce mata da yawa na da shi, kuma ana haihuwa. Da ta tambayi abin da matata take ci na lissafa da alfahari, har da lemon kwalba. Ta ce duk abin da ya kamata a rage, shi na dage ina saye. Ta ba da magani, ta ce a mayar mata da taɓaryarta, ta riƙa tafiya.

Gaya wa mahaifiyata ya fi zuwa asibitin wuya. Ta yi kuka kamar an yi rasuwa, don ta riga ta zaɓa wa yaron sunan mahaifina. Bayan kwana biyu ita da kanta ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai ɗakinta.

Sai da muka ƙara shekara da wani abu muna komawa asibiti kafin ciki na gaskiya ya zo, mai motsi, mai hana barci. Mace aka haifa. Ragon nan shi aka yanka, naman kamar igiya, abokina ya ce a rubuta ya ci yayan jaririya, tunda ragon ya girme ta.

Yanzu yarinyar tana zaune kusa da ni in ina aikin ajinmu na yaƙi da jahilci, tana ƙwace mani fensir. Da izinin uwarta na rubuta wannan. Ba na ganin laifin mahaifiyata, abin da ta gada ta faɗa. Ni ne ban taɓa tambayar mai cikin me take ji ba.

Abin da muka rasa shi ne shekara uku, da dusar da ba ta lissafuwa, da ɗa namiji guda da muka yi wa suna alhali bai taɓa zuwa ba.