Tulun da Ka Bar Mini, Lauyan Sama

Da baron da na tsinta a bola, na gyara shi da hannuna, na fara sana'ar tsofaffin ƙarafa. A aji uku na sakandare na tsaya. Babu uban da ya bar mini jari, babu ubangidan da ya ɗaga ni. Yau ina da filina na kaina, da babban sikeli, da motocin ɗaukar kaya, da magidanta masu ci a ƙarƙashina, kuma 'ya'yana duk sun wuce inda na tsaya a karatu. Ban kawo wannan don a tafa mini ba. Na kawo shi ne don a san nauyin abin da zan faɗa: mutum ɗaya na taɓa jingina da shi a rayuwata, kuma ranar Talata, ashirin ga watan Fabrairu, da hantsi, aka kira ni aka ce Allah Ya karɓi abinSa. Mu na Allah ne, kuma gare Shi za a mayar da mu.

Kai ne lauyan ofishin da ke kula da harkokin sararin samaniya. Ma'aikatana ne suka raɗa maka Lauyan Sama, ka yi dariya ka karɓa, har ka riƙa amsawa da shi a waya.

Wani tulu ne ya haɗa mu. Bara wani manomi ya kawo mini shi a bayan amalanke, ƙarfe zagayayye kamar babbar randa, gefe ɗaya a ƙone. Ya ce daga sama ya faɗo masa cikin gona da wata ƙara. Ban yarda ba, don masu kawo kaya babu labarin da ba sa tsarawa. Na ɗora a sikeli, ya ƙi yin nauyin girmansa. Na kanga masa mayen ƙarfe, ya ƙi kamawa. Uwar 'ya'yana ta ce a yanke masa baki ta samu wurin tara ruwa. Babbar 'yata kuma ta ɗauki hotonsa ta sa a waya, kuma ta nan ka gani.

Washegari mai waldana ya kwance wani bututu a jikinsa, ya riga ya kunna wuta, sai ga ka da gudu, babban mutum da kwat, takalmi ɗaya ya cire maka a cikin tarin rodi. Ba ka yi sallama ba. Ka ce, "Kashe wutar nan, don girman Allah, kowa ya ja baya." Sai da ka numfasa ka bayyana mana cewa tankin man roka ne, kuma irinsa kan faɗo da ragowar mai mai guba. Kafin azahar idanun mai walda suka yi jajur, numfashi ya fara yi masa wuya. A motarka ka kai shi asibiti, ka zauna a bencin baranda har matarsa ta iso, ka kuma gaya wa likita abin da ya shaƙa. Da ransa yau, yana yi maka addu'a.

Daga ranar ka zama ɗan gida. Kakan zo da yamma ka zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ke ƙofar ofishina. Wata rana ka ce, "Mai Sikeli, ai ni da kai sana'armu ɗaya, bola. Taka tana ƙasa, tawa tana sama. Bambancin kawai, kai kana da shinge." Ka ce can sama kamar babban titi ne da kowa ke sako motarsa, wadda ta mutu kuma ba a janye ta, tana nan tana gudu har ta daki wata ko ta rikito. Tun daga nan ban sake kallon sama yadda na saba ba.

Ka gaya mini tulun ba nawa ba ne, ko da na saya. Na ƙasar da ta harba shi ne, kuma akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe a kan mayar da irinsa da biyan ɓarnar da ya yi. Na ji haushi, amma na ba ka alkawari: ba zan yanka ba, ba zan sayar ba, ba zan motsa shi ba, sai an zo an karɓa a hukumance. Masana da ka kawo suka toshe bututun, suka kulle shi a kwantena a ƙarshen filina, suka ce a nisanta shi da wuta da zafi.

Sauran ƙarfinka ka zuba a kan dokar da kake son majalisa ta yi: a san lambar da talaka zai kira idan abu ya faɗo, a san wanda zai ɗauke, a san wanda zai biya, kuma duk wanda zai harba tauraron ɗan'adam da izininmu ya nuna tun farko yadda zai sauko da shi idan ya gama aiki. Ka ce zan tsaya gaban kwamiti in ba da shaida. Har gwaji muka yi, kana tare ni kana cewa, "A hankali, ba masu kawo maka gwangwani ba ne, kada ka yi musu tsawa."

A rahotonka ba ka sa sunana ba. "Wani ɗan kasuwa" kawai ka rubuta, don kada 'yan kallo su cika mini fili, kada kuma maƙwabta su tsangwami iyalina. Kirki ne ka yi mini, kuma na gode.

Amma Lauya, ka tafi, tulun yana nan. Bayan an kai ka makwanci na je ofishinku. An sauke labulen tagarka, an ɗaure takardunka da igiya a kan kabad. Wanda na tarar ya saurare ni yana duban agogo, ya ce shi bai ga sunana a ko'ina ba. Da na matsa, ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka kai shi bayan gari ka binne, kowa ya huta." Bayan gari kuwa, nan ne rijiyoyin mutane suke.

Ni da ban taɓa jin tsoron ɓarawo ko asara ba, yanzu tsoro nake ji. Katanga ɗaya ce tsakanin kwantenar nan da makarantar firamare. Zafi yana tafe, ƙarfen kwantena kan yi zafin da ba a iya dafa shi. Kullum da safe nakan zagaya ta ina shinshinawa. Na hana walda a rabin filina. Idan abu ya yi ƙara a kan kwanon rufi, jikata takan ruga ta kama ni. Wannan ɗaya ne ya faɗo a hannun wanda ya same ka. Na gaba fa, a gonar wa zai sauka, kuma wa za su kira?

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ran mai waldan da ka tsare ya zama nauyi a ma'auninka. Hajiya, maiɗakinsa, da 'ya'yansa da 'yan'uwansa, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Ƙofata a buɗe take gare ku.

Ga ofishinsa da kwamitin majalisa kuma, ga maganata. Ba zan binne ba. Ya ɓoye sunana don ya kare ni, yanzu ɓoyewar ce ake so a rufe maganar da ita. Ku goge "wani ɗan kasuwa". Ku rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, kamar yadda yake a allon ƙofar filina, cewa a hannuna abin yake kuma ni ne shaida. Ku kira ni in tsaya gabanku kamar yadda ya shirya. Mabuɗin kwantenar yana aljihuna, kuma ba zan miƙa shi ba sai ga wanda ya zo da takarda mai ɗauke da sunana.