Shirun Dije Mai Fura

Duk wanda ya saba cin kasuwar Gwandu ya san Dije mai fura, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. A Dangoma ta ƙasar Kalgo aka haife ta cikin makiyaya, aure ya kawo ta Dalijan tun tana yarinya. Mace ce mai surutu, tana dama fura tana tsokanar mai saye, ta ce masa ludayin nan ba na gadonsa ba ne, ya sha ya ba na baya. Mijinta marigayi kan ce ko shanu ta samu sai ta ba su labari.

Mutum ɗaya ne bai taɓa jin wannan surutu ba, shi ne Zayyanu ɗanta na fari. Kun dai san kunyar ɗan fari a wajen mutanenmu. Dije ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Kakarsa ce ta raine shi, Adda, wato yaya, yake ce wa uwar tasa. In ya zo gaishe ta, kai take ɗaga masa tana kallon bango.

Da girma ya kama ta sai ciwon ƙirji ya sa ta gaba, har tallar ta gagara. Aka yi ta yawon asibiti, daga ƙarshe aka tura su wani asibitin zuciya mai nisa. Autarta Mufida, abokiyar hirarta, tana jego a Kalgo, don haka Zayyanu ne ya raka ta.

Likita ya yi musu bayani dalla-dalla. Za a zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, a tura wani ruwa, a ɗauki hoton inda hanyar jini ta toshe. Ya ce aikin bai cika ba da matsala ba, amma jefi-jefi ɗan gudan jini kan ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. In magana ta sauya ko baki ya karkace, a kira shi nan take, domin lokacin ceto kaɗan ne.

Aka yi aiki aka fito da ita da hantsi, har ta gode wa masu turo gadon. Zayyanu ya zauna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango. Can wata ma'aikaciyar jinya ta zo dubawa, ta nuna shi ta ce, "Mama, wane ne wannan? Faɗa mini sunansa." Dije shiru. Zayyanu ya yi murmushi ya ce ai ko wuƙa za a sa mata ba za ta faɗa ba, shi ɗan fari ne. Matar ta yi dariya, ta ce haka kakarta take, ta wuce gado na gaba.

Ya miƙa mata ruwa, ba ta karɓa ba. Bai damu ba, ai ba ta taɓa karɓar abu daga hannunsa ba.

Sai bayan la'asar Mufida ta bugo waya. Ya kara wa Dije a kunne. Bakinta ya motsa, gurnani kawai ya fito.

"Yaya," in ji Mufida da ya mayar da wayar kunnensa, "Inna ba ta taɓa yi min shiru ba. Ɗaga mayafin ka duba ta."

A rayuwarsa bai taɓa kusantar fuskarta haka ba. Ya ɗaga. Baki ya karkace, miyau ya jiƙa matashi, hannun dama ya saki. Idanunta kuwa a kansa suke, sun yi jawur.

Likita ya zo da gudu, tambaya ɗaya yake maimaitawa: yaushe ta yi magana ta ƙarshe? Maganin ya dogara ne da sanin lokacin. Zayyanu ya ce bai sani ba, shi bai saba jin maganarta ba. Aka yi hoton kai, aka ce an makara.

Yanzu tana Dalijan, kwance. An gaya musu a riƙa yi mata hira kullum, ko harshe zai dawo. Mufida tana da jariri da miji a Kalgo, sai ran kasuwa take leƙowa. Zayyanu ya bar gonarsa ga ciyawa. Kowace safiya yana zama bakin gadon, ya ba ta labarin damina da farashin gero, magidanci da furfura yana koyon hira da uwarsa. Wani lokaci ya roƙe ta ko zagi ne ta yi masa. Ita kuma sai ta juya wajen bango, shi kuwa har yau bai san ko kunyar ce ko ciwon ba.