Madubin Likita a Hannun Ƙanena

Shekarun da ake aikin gadar da ta haɗa Gaya da Dahome, ni anfirme ne, wato mai jinya, a gidan likita na garinmu. Ina yin allura, ina wanke gyambo, ina raba kinin. Na daɗe a aikin har masuntan bakin kogi suka manta sunana, "mai allura" kawai suke ce mini.

Ni na samo wa ɗan ƙanen babana aiki a wurin. Gida ɗaya muka tashi, na girme shi nesa, kuma a hannuna ya koyi dafa allura da ɗaure rauni. Sai dai ya fi ni daɗewa a lakwal, makarantar boko, Faransancinsa ya fi nawa santsi. Da babban likita ya zo daga Dosso neman wanda za a tura koyon duba jini, ko kallona bai yi ba. Ƙanena ya ɗauka.

Bayan damina ya dawo a gaban kamiyo, babbar motar kaya, rungume da akwatin katako. A ciki akwai mikiroskop, wanda mutanen gari suka sa wa suna madubin likita. Baƙin ƙarfe ne mai wuyan tagulla, da ɗan madubi a ƙasa mai tara haske. Aka ba shi ɗakina, don ya fi kowane ɗaki haske, ni kuma aka mayar da ni baranda da kayan allurata.

Ranar da ake shirya ɗakin na kai hannu ɗaya zan ɗaga abin.

"Yaya, don Allah da hannu biyu," in ji shi. "Ɗaya a wuya, ɗaya a gindi."

Cikin ladabi ya faɗa, amma a gaban marasa lafiya. Na janye hannuna na fita.

Daga nan labari ya bazu. Manoma daga Bana da Yelu sai su wuce ni a baranda suna tambaya, "Ina mai madubin?" Kifin da masunta ke kawo mini ya koma gidansa. Har matata, tana zuba mini tuwo, ta ce, "Malam, wai da gaske yana ganin ciwo tun bai kwantar da mutum ba?" Na ce mata miyar ta yi gishiri.

Sai 'yata, wadda ba ta rabo da wanki a kogi, ta fara fitsarin jini. Tsargiya muke zato, amma dokar likita ita ce ba a fara magani sai an duba. Na ɗauki kwalbar fitsarin na tsaya bakin ƙofar ƙanena kamar kowa.

Ya ɗiga kaɗan a kan siririn gilashi, ya wanke hannu da sabulu. Ya juya ɗan madubin ƙasan wajen farin bango, ya ce in an saita shi da rana kai tsaye yana lalata ido. Ya sauke wuyan a hankali yana leƙawa ta gefe don kada gilashin ya fashe. Can sai ya miƙe.

"Yaya, zauna ka gani."

Da farko haske kawai na gani da gashin idona. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka murza abin saita gani tare. Sai ga shi ya fito sarai: ƙwai mai kamar ƙwayar guna, da 'yar ƙaya a baki, wani abu yana motsi a ciki. Shekara da shekaru ina yaƙi da wannan ciwo, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na daɗe ban ɗaga kai ba. Abin da ya ci mini rai shi ne, shi kullum safiya yana ganin wannan duniya, ni kuwa sai in ya tashi ya ba ni kujera.

Ni na yi wa yarinyar allurarta, ta warke. Na kai masa zabi biyu na yi godiya. Da likitan Dosso ya sake zuwa, na roƙe shi a tura ni koyo. Ya dafa kafaɗata ya ce shekaruna sun wuce.

Bayan an sauke tutar Faransa aka yi wa ƙanena canjin aiki zuwa Yamai. Duk Babbar Sallah yakan zo, ya zauna a tabarmata ya gaishe ni kamar da. Yakan ba ni labarin wani sabon madubin likita da suka samu, mai wurin sa ido biyu da fitilar lantarki. Nakan yi kamar hankalina yana kan carbina, amma kafin ya tashi sai na tambaye shi me da me ake gani a cikinsa.