Ƙoramar Kuberi da Karyayyar Ƙafar Yayana

Ko da zan manta sunan unguwarmu a Jega, ba zan manta ranar da na tuƙa tsohuwar Landirobar yayana cikin yashi ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Ni tela ne, tuƙina bai wuce kan kwalta ba, shi ma sai ta kama.

Farkon damina ne muka je Kuberi ɗauko albasar ajiya. Kafin mu bar gida Yaya ya sa aka cika tayoyi da iska tam, saboda kaya. Ba mu kai ga lodi ba amalanken shanu ya kife ya danne masa ƙafa, ƙashin ƙwauri ya karye. Mutanen gari suka ɗaure da kara, suka ce maza a kai shi Aliero wurin masu ɗori kafin ta kumbura. Aka shimfiɗe shi a baya, aka miƙo mini makulli. Na shiga na tayar da mota.

Muna shiga ƙoramar da ke kan hanyar Maiyama motar ta kafe. Na taka totur, ta ƙara nutsewa. Ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, kuma kowa ya san ruwan ƙoramar nan ba ya sallama.

"Kai, mi kaka yi haka?" Yaya ya daka mini tsawa daga baya. "Rijiya na sa ka gina? Ɗaga ƙahwarka!"

"Yaya, ta ƙi tafiya!"

"Sauka ka sace iskar tayun nan duka."

Na ɗauka zafin ciwo ne ya taɓa masa kai. Mota ta kafe, a ce kuma a sace mata iska? Amma wa ya isa ya yi masa musu? Na sa tsinken ashana a bakin da ake ba taya iska ina dannawa, iska na fita, har kowace taya ta yi tumbi. Na kwashe yashin gabansu da shebur, na cusa rassan sabara. Ya ce in ja ƙaramin sandan da ke sa ƙafa huɗu su ja tare, in saki kuloci a hankali.

"Lallaɓa ta, ba keken ɗinkinka ba ce."

Sai ga ta tana rarrafe, tana hawa kan yashin. Muna haye gaɓa na waiga, jan ruwa ya taho da kumfa da karare, ya shafe ramin da muka bari. Na kifa kaina a sitiyari ina ta alhamdu lillahi, hawaye na zuba. Yaya ya ce, "In ka gama kuka, ga famfo nan, mai da iskar."

Mun isa Aliero kafin la'asar, aka yi ɗori, ƙafa ta kama. Har ya tsufa da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Tun ranar, in abu ya kafe mini, na daina ƙara masa ƙarfi. Sai in sauka in duba me ya kamata in sassauta.