Ƙodar Lavonne a Jikin Merle

Duk wanda ya yi firamare a garinmu ya ci girkin Lavonne Skogen, kuma ya sha hararta. Ita ce mai dafa wa yara abincin rana har ta yi ritaya, ban kuwa taɓa jin yaron da ya mayar mata da kwano da saura ba. Ni maƙwabciyarta ce, ko shinge babu tsakaninmu, don haka wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba.

Tana budurwa mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙanne maza uku a gonar alkama: Duane, Orrin, da autansu Merle. Ita ta yi musu wanka, ita ta zane su, ita ta ja su coci da kunne. Yanzu duk sun yi furfura, amma idan ta yi gyaran murya sai ka ga ƙattin nan sun sauke ƙafa daga kan tebur.

Da ƙodar Merle ta gaza, sai ya koma ɗan hanyar asibitin birnin Fargo, ana yi masa wankin ƙoda yana ta ramewa. Likitoci suka ce sai dashe, a gwada 'yan'uwa. Duane ne ya fara zuwa, yana bugun ƙirji. Ya dawo da hula a hannu, wai an ce jininsa na hawa. Orrin ya je, ya dawo yana share hawaye, wai tasa ƙodar ƙarama ce. Merle ya rungume su yana ba su haƙuri, sai ka ce su ne marasa lafiyar.

Ni na kai Lavonne a mota ranar nata gwajin. Da ta fito, muka kamo hanyar gida har muka bar gari.

"Bernice," ta ce mini, "ashe asibitin nan ƙofar baya gare shi."

"Wace ƙofa kuma?"

"Wata mata ta shigar da ni ofis ta rufe. Ta ce kada in bari kunyar dangi ta sa a yanka ni. In ba na so, in faɗa mata kawai, su za su ce ban dace ba, ba za su faɗi dalili ba, babu mai ji har abada. Ta ce kowa ya zo haka suke gaya masa."

"To ai wannan adalci ne."

"Adalci ne mana. Amma Duane ne mai hawan jini? Mutumin da ya dame mu wai likita ya ce zuciyarsa ta ɗan maraƙi ce? Asibiti ba ya faɗin dalili, su suka ƙago nasu."

Na ce ba ta da tabbas. Ta ce ita ta goya su, ta san ƙeyar kowannensu in ya yi ƙarya. Na tambaye ta me ta ce wa matar. Ta ce ta gaya mata ta buɗe ƙofar ofishin nan, zafi ake yi.

Aka yi aiki, aka dasa wa Merle ƙodar Lavonne, aka dace. Merle ya yi ƙiba, kumatu suka dawo, daga nan ya gane cewa ƙodar ta zo da uwar ɗakinta. Lavonne ta kwashe duk gishirin gidansa. In ana cin abinci a coci, tana bayansa a layi, ya ɗora ta sauke. Ya shiga shagon kofi, kafin ya zauna waya ta iso wurin mai shago.

"Yaya, kyauta kika ba ni ko aro?" ya tambaye ta wata rana a gabana.

"Kyauta ce. Amma na riƙe ta tun ba a haife ka ba, ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba. Ba za ka jiƙa min ita a ruwan gishiri ba."

"To zo ki cire abarki."

"Sha maganinka, Auta."

Su Duane kuwa sai suka zama mutanen kirki. In an fita kamun kifi kan ƙanƙarar tafki lokacin sanyi, su ke ɓoyo masa tsiran naman barewa mai gishiri a aljihun riga. Merle yana ta faɗa a gari cewa naka sai naka, 'yan'uwansa maza su suka san darajar mutum, ita kuwa Yaya gandireba ce. Ni abin ya ƙona min rai ƙwarai. Na ce mata ta fasa ƙwan kowa ya huta. Ta ce yaron nan tun yana ƙarami yake bin su kamar jela, in ta cire masa su, me ya rage masa, ita da dankali mara gishiri?

Amma haƙuri ma yana da iyaka. A bikin godiya na ƙarshen kaka aka taru gidanta, ni ma ina nan. An yanka talotalo, sai Merle ya miƙe da kofin ruwa a hannu.

"Ina gode wa yayyena maza," ya ce. "Sun so su ba ni, Allah bai nufa ba. Na san da sun dace da tuni sun kwanta an yanka. Ita kuma Yaya, da abin ya faɗo kanta, to, an gode."

Lavonne ta ajiye ludayi ta miƙe. Duane ya duƙar da kai yana nazarin cokalinsa. Orrin ya ƙware da ruwa. Na ga bakinta ya buɗe, na ce a raina yau gidan Skogen ya watse. Ta dubi Merle, yana tsaye yana murmushi da jiƙaƙƙun idanu, ta daɗe tana kallonsa.

"Gaskiyarka, Auta," ta ce. "Ni ce ban kyauta ba. Na tare a kanka na manta ina da wasu marasa lafiya biyu."

Ta zagaya ta ɗauke farantin Duane, da romonsa da komai. "Mai hawan jini ba ya cin wannan." Ta ɗauke na Orrin. "Kai kuma da 'yan ƙananan ƙoda, ai lallaɓa su za mu yi. Rigakafi ya fi magani."

"Yaya, ai na ji sauƙi," in ji Duane.

"Ka ji sauƙi? To mu koma Fargo a sake gwada ka, akwai mutane da yawa a layi suna jiran ƙoda."

Duane ya ce da ya sake tunani, har yanzu yana ɗan jin jiri.

Ta kawo musu dafaffen dankali da wake, babu gishiri babu mai. Merle ya yi dariya har da buga tebur, ya ja kujerarsa ya shiga tsakaninsu yana koya musu yadda ake haɗiye shi da ruwa. Suka cinye tas, babu wanda ya ɗaga ido.

Na bi ta kicin da kwanuka, na same ta ta juya baya tana goge fuska da gefen riga.

"Kin ji dariyarsa?" ta ce. "Rabon da ya yi irinta tun kafin ya kwanta."