Malam Isiyaku Ya Ce A Sa Mai Kauri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Isiyaku ya riga mu.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina tsakar gida riƙe da jikata, uwarta na wanka, sai wayar surukina Nura ta shigo. Ya ce, "Baba, Malam ya cika." Na miƙa ma uwargidana Hajiya yarinyar, na shiga neman makullin mota.

Yanzu muka dawo daga jana'iza. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni da furfura na shiga ajin yamma, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan.

Ga wanda bai san shi ba, manomi ne a wani ƙauye can bayan Dudunni, ƙasar Kusada. Ni kuma hatsi nake saye a nan Kankia. A kan wake muka saba, tun muna da ƙarfin ɗaukar buhu da kanmu. Daga baya ɗanshi Nura ya auri ɗiyata Bilki. Surukutar ba ta hana mu tsokanar juna ba.

Bai taɓa shigo mani gida hannu rabbana ba. Da damina ƙwan zabi, da rani garin kuka.

Lokacin da na fara zuwa aji, 'yan kasuwa dariya suke yi mani. Shi kuwa sai ya zauna bakin rumfata, ya nuna babbar mota da ta tsaya a titi, ya ce, "Alhaji, mi aka rubuta a goshin waccan?" Ina ta haɗa baƙi, yana jira. In motar ta tashi ban gama ba sai ya ce, "Laifin direba ne. Bari wata ta zo."

To, bana Bilki ta zo gida goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya. Mace. Jikata ta fari ke nan. Waɗanda ke bibiyata sun ga yadda na cika maku waya da hotuna, har wani ya rubuta mani cewa Alhaji a bar yarinya ta yi barci. Ban bari ba.

Nura ya sa mata sunan mahaifiyarshi marigayiya, Hajara. Ummi muke ce mata.

Malam bai zo suna ba. Tun bazara yake kwance, ƙafafu sun kumbura, ko babur ba ya iya hawa. Da yammacin ranar ya kira ni.

"Alhaji, an ce ka riƙe mani mata a gidanka."

Na ce, "Wace matar? Tawa ce. Ni ta fara gani da ta buɗe ido."

"Shi ya sa aka ce tana ta kuka. Kawo mani abata."

Muka yi dariya. Amma na ji yadda yake jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Da na ajiye waya na ce ma Hajiya za mu kai Ummi ya gan ta.

Hajiya ta ce ba a fita da mai jego kafin arba'in, kuma wa zai dafa ruwan wanka a hanya? Bilki ce ta raba gardamar daga cikin ɗaki. Ta ce, "Inna, a yi wankan safe, mu je mu dawo kafin na yamma. Malam bai taɓa ɗaga mani murya ba tun da na shiga gidanshi." Hajiya ta juya ta nufi madafa. A wurin Hajiya wannan izini ne.

Saura hanya.

Ina da a-kori-kura da na saya bara, ta hannu, don ɗaukar buhuna. Ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Hanyar ƙauyensu Malam kuwa, daga inda burji ya ƙare, ta amalanken shanu ce. Taya ta cinye gefe biyu, tsakiya ya yi tozo, ga damina ta zauna. Mai babur yana bin gefe ɗaya ya wuce abinshi. Mota kuwa sai ta haye tozon da cikinta.

Na kai ta garejin Gambo mai walda. Ya kwanta ƙarƙashi, ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce abin da ke rufe da ƙasan injin wata roba ce, rabinta ma ya yage. Dutse ɗaya ya daki tukunyar baƙin mai, mai ya tsiyaye, mota ta mutu a wurin. Kuma wurin ba sabis.

Ya ce zaɓi biyu ne. Akwai faranti na shago, fale-fale, a yau zai ɗaura mani, gobe in kama hanya. Yana tare laka da tsakuwa, dutse kuwa sai abin da Allah ya yi. Akwai kuma ƙarfe mai kauri, wanda sai an aiko da shi daga Kano, ya yanka, ya lanƙwasa, ya huda. Wannan sai mako ya juyo, in an samu wuta.

Na tambaye shi ko ba za a liƙa fale-fale biyu da walda ba a wuce wurin. Ya ce za a iya, amma ranar juyen mai sai an sa wuta an yanke, kuma biyun ba su kai ɗaya mai kauri ba.

Ni dai fale-falen nake so. Ina jin numfashin nan a kunnena.

Daga garejin na kira Malam, na faɗa mashi duka biyun. Ban ɓoye mashi dalilin saurina ba, mun wuce nan.

Ya ce, "Ka san kwarin nan na kafin garinmu?"

Na ce na san shi a kan babur.

"Duwatsun da ke cikinshi ni na zuba su, da amalankena, shekarar da ruwa ya yanke mu. Ban zaɓi ƙanana ba. A sa mai kauri."

Na ce, "Malam, mako fa."

"Ina zan je? Kai dai kada ka tsaya mani da jaririya da mai jego a tsakiyar daji, a wannan zamani. In ka yi haka ko na warke ba ni gaishe ka."

Aka aika Kano.

Washegari sai ga Nura a kan babur, da dogon kara ɗaure a baya. Hajiya ce ta fara hango shi daga zaure. Kun san abin da ake aunawa da kara in an fito daga gidan mara lafiya. Ta saki tsintsiya ta ɗora hannu a ka tana salati. Bilki ta fito da gudu ba ɗankwali.

Yaron ya durƙusa yana ta rantsuwa cewa Malam na nan da ranshi, har ya sha kunu. Malam ɗin ne ya sa ya zaro kara daga danga, ya je kwarin ya auno hanya. Tsawon karan shi ne faɗin hanya a inda ta fi matsewa. Tsagar da aka yi da wuƙa kusa da gindi kuma tsayin tozon tsakiya ne, har da dutsen da ya fi tsini.

Hajiya ta ce, "To shi Malam ya rasa igiya ne a gidanshi? Fitar mani da abin nan, gida da ɗanyen goyo!"

Da na ba Malam labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in ba Hajiya haƙuri, in ce mata nashi karan bai tsiro ba tukuna.

Karan ya yi aiki. Gambo ya tsayar da shi jikin mota, ya ga in ya rataya farantin yadda ya saba, zai sauko ƙasa da tsagar. Sai ya matse shi sama sosai, ya ɗaga bakinshi na gaba kamar bakin cebur don ya hau dutse maimakon ya kafe. Ya ja shi har ƙarƙashin giyabos. Da noti ya ɗaure, ba walda ba, ya bar ƙofa daidai wurin juyen mai. Tankin mai ya ce yana sama da tsagar, a bar shi.

Kwanakin jiran nan kullum ina kira. Wani lokaci Malam ya ɗauka, wani lokaci Nura ya ce yana barci. Da sauƙi, da sauƙi. Abin da nake ji ke nan.

Ranar da aka gama, da hantsi muka tashi bayan wankan safe. Bilki da Ummi a gaba, Hajiya ta matsa kusa da su da fulas ɗin kunun kanwa. Ita da ta ce ba a fita, ita ta riga kowa shiga mota.

Har kwarin ba abin da ya faru sai girgiza. Gero ya rufe gefe da gefe, ganye na shafar gilashi. A kwarin ruwa ya kwanta, ba a ganin ƙasa. Na sa giya ta ɗaya, na yi bismillah.

Ƙarar da na ji, kamar an jefar da tukunyar ƙarfe a kan siminti. Motar ta ɗaga, ta ja ciki, ta sauka. Ummi ta tsala kuka. Da muka haye na tsaya na leƙa. Farantin ya lotsa, wuri kamar tafin hannu. Ko ɗigo babu a ƙasa.

Hajiya ta ce, "Mi ya fashe?"

Na ce, "Dutsen Malam ne ya gaishe mu."

Mun same shi an fito da shi gindin darbejiya, an jingina shi da matasai. Ya rame ƙwarai. Hula sabuwa ce a kanshi, har karin gugar bai baje ba.

Bilki ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora mashi yarinyar a cinya. Hannuwanshi ba su iya riƙewa, sai Nura ya tallafa daga gefe. Ya daɗe yana kallonta. Ya yi addu'a, ya tofa mata a ka.

Sannan ya ɗago. "Wannan hancin na Alhaji ne. An cuce ni."

Na ce, "In ba ka so, ba ni abata mu koma."

"Wa ya ce ba ni so? Hajara, kin ga tsohon nan? Ɗan birni ne, wake ma sai ya saya. Ki zauna wurin mai rumbu."

Ya kira sunan a hankali, ya sake kira. Mu duka muka san ba jaririyar kaɗai yake kira ba.

Ya sa aka kamo wata tunkiya, ya ce ta Ummi ce, a sa a bayan mota. Ya tambayi farantin, na ce ya lotsa amma bai huje ba. Ya ce, "Na gaya maka ban zaɓi ƙanana ba." Har da alfahari.

Ba mu daɗe ba. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, shi ya fara gani. Ya ce, "Ku tashi. Kwarin in ya cika ba ya jin Alhaji." Na kama hannunshi na ce sai na dawo bayan arba'in. Ya ce, "Allah ya kai mu. Ka gyara tuƙi, akwai matata a ciki."

Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Yau bayan an rufe shi, muna zaman gaisuwa, Nura ya matso kusa da ni. Ya ce akwai abin da aka hana shi faɗa, yanzu kuwa mai hanin ba ya nan.

A makon da muke jiran ƙarfe, jikin Malam ya rikice. Ya yi kwana da yini bai san wanda ke kanshi ba, har an tara 'yan'uwa. Lokutan da ake ce mani yana barci ke nan. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an faɗa mani. Aka ce a'a. Ya ce, "Madalla. Wanda ya faɗa ma Alhaji ban yafe ba. Na san shi. Fale-falen zai ɗaura ya taho."

Gaskiya ya faɗa. Da na ji, ko robar nan ce da ita zan taho, da Bilki da Ummi a gaba.

Ya fi kowa son ganin yarinyar nan. Ya yarda ya mutu bai gan ta ba, da dai a tsaya da ita a daji. Allah kuma ya ba shi duka biyun, ya gan ta, ba a kuma tsaya a daji ba.

Wasu a wurin gaisuwa sun ga fuskata ba ta yi irin ta mai makoki ba. Ban iya ƙarya ba. Na yi rashin aboki, amma na dawo gida na tarar da Ummi ta ƙoshi tana barci, kuma kakanta ya riƙe ta kafin ya tafi. Zuciyata a cike take da godiya.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka yafe mashi kurakuranshi, ka yalwata mashi makwanci, ka haɗa shi da Hajara a gidan da ba rabuwa. Ka ba Nura da 'yan'uwanshi haƙuri. Ka raya mana Ummi a kan addini, ta tashi ta ji wane ne kakanta.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi mashi Ƙulhuwallahu kafin ka wuce. Ya yi ma 'yar jaririya abin da ya fi haka.