Tsagar Bindigar Kawu

Jiya na ji ƙarar magagari a wata maƙera a Gwandu, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Tsohon soja ne. Da magagari ya faɗaɗa tsagar saitin bindigarsa ta aljihu.

Ya ce mini, "A kurkusa, ƙaramar tsaga ƙirji kawai take nunawa. Ni fuska nake son gani."

Wata rana a hanyar Diggi, mutum ya ɓullo mana daga cikin dawa. Kawu ya ɗaga bindiga, da ya ga fuskarsa sai ya sauke. Ashe makiyayi ne, maraƙinsa yake nema.

Yanzu tsoro ya hana mu duban fuska. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya ba mu irin idonka.